Baƙin Gilashi da Takardar Sista Simi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta cikin watan Agusta ba, ranar da na tsaya gaban mutum fiye da sittin ina murnar nasarar da ba tawa ba. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba. Bilki, ƙanwar matata, ta ɗauki abin a wayarta tun daga farko har ƙarshe, kuma ta tabbatar mini ko wayar ta faɗa rijiya ta riga ta ajiye shi a wani wurin.

Sai na fara da idona kafin ku gane yadda aka yi. Ina aji uku na firamare aka gano ba na ganin allo, aka kai ni asibiti, na dawo gida da gilashin magani mai kauri kamar gindin kwalbar lemo. Idan na cire shi, mutumin da ke tsallaken titi yakan zame mini kamar wanki a kan igiya: na san akwai launi, na san yana motsi, amma ban san ko wane ne ba. 'Yan ajinmu suka sa mini Ido Huɗu. Na girma, na yi aure, na zama malamin labarin ƙasa a wata sakandare a Jos Jarawa, amma sunan bai rabu da ni ba. Ɗalibaina ma da kansu suka gano shi, ba wanda ya faɗa musu (ina jin su sarai, su a ganinsu kaurin gilashi har kunne yake toshewa).

Abu na biyu shi ne kakana maharbi ne. Ya zo Jos zamanin haƙar kuza, ya zauna a Dilimi, a gidan da nake ciki har yau, kuma an ce yakan harbo fakara tana tsakiyar tashi. Ban same shi da rai ba, labarinsa kawai na gada, shi kuwa labarin duk shekara ƙara tsawo yake yi a bakina. Matata Hajara ta ji shi har ta haddace. In na fara, ita take ƙarasa mini daga kicin.

To, wata rana na raka ɗalibai gasar ƙwallon tebur a wani ɗakin wasanni, sai na riƙa jin wani ɗan sauti, tak, tak, daga ɗakin da ke gefe. Na leƙa. Mutane ne a jere, kowa ya juya gefe, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan a miƙe da ƙaramar bindigar iska, suna harbin wata 'yar takarda mai baƙin ɗigo a tsakiya daga nisan mita goma. Kocinsu, Baba Gyang, tsohon ɗan sanda ne mai furfura wanda ba ya ɗaga murya. Ya ga yadda na tsaya baki buɗe, ya ce in gwada. Harbina na uku ya shiga baƙin. Ya ce hannuna ba ya rawa. Wannan maganar kaɗai ta isa. Kafin in iso gida na riga na yanke hukuncin cewa jinin kakana ne ya motsa, kuma daga ranar kowace Asabar ina can.

Gaskiya ni ba gwani ba ne, amma ba ni ne na ƙarshe ba. Gwanarmu ita ce Sista Simi, ma'aikaciyar jinya daga Anguwan Rukuba, mace mai shiru wadda takan zo wani lokaci da farin takalmin aikinta a ƙafa. Idan ta gama harbi goma, hujin da ke takardarta za ka iya rufe su da murfin kwalba. Shekara huɗu tana neman shiga cikin masu wakiltar jiha, bara ma maki ɗaya ne ya hana ta. Gasar da za a yi a watan Agustan ita ce ta fitar da gwani, mutum biyu za a ɗauka, kuma kowa a cikinmu ya san ɗaya kujerar tata ce in Allah ya yarda. Mu sauran an ce mu shiga ne don mu saba da idon jama'a.

Saura mako biyu gasar, ana cikin atisaye, wani harsashi ya bugi ƙarfen da ke bayan takarda ya dawo ya sami ɗaya daga cikinmu a ƙasan ido. Harsashin bindigar iska ɗan dalma ne, bai fi ƙwayar dawa ba, amma sai da ya fitar da jini. Da ya ɗan ƙara hawa sama da wani labarin ake yi. Nan take Baba Gyang ya tsayar da harbin, ya ce daga yau ba mai tsayawa a layi sai da gilashin kariya. Ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla: a nemi na roba mai tauri wanda ba ya tarwatsewa, wanda ya rufe har gefen ido, wanda ya zauna a hanci ba ya zamewa in an yi gumi. Tunda a cikin ɗaki muke harbi, fari garau ake so, ko mai ɗan ruwan ɗorawa, ban da mai duhu. Sannan ya juyo kaina.

"Malam, naka na magani ba kariya ba ne. Gefensa a buɗe yake, in ya fashe kuma ya fi harsashin ɓarna. Akwai babba da ake ɗorawa a kansa. Shi za ka nema."

Na ce to. Na kuma yi ta ɗaga abin, yau gobe, har ranar Juma'a, jajibirin gasa.

Bayan an sauko daga masallaci na nufi shagon Oga Emeka. Kayan ma'aikata yake sayarwa, hular kwano, safar hannu, takalman leburori, gilashin masu walda. A Jos aka haife shi, na koyar da 'ya'yansa biyu, kuma shekara ashirin ke nan muna gaisawa. Ina gama yi masa bayani ya shiga ciki ya fito da ainihin abin da Baba Gyang ya kwatanta. Fari ne garau, faffaɗa, mai katanga a gefe da gefe, irin wanda masu feshin maganin gona suke sawa. Na ɗora shi a kan nawa, ya zauna daram. Ina ganin komai. Matsalar ke nan, domin har da madubin da ke rataye a bangon shagon na gani.

Jama'a, abin da na gani a madubin nan ba maharbi ba ne. Wani irin ƙwaro ne mai taga biyu a fuska. Nan take na tuna Hajara ta ce za ta zo kallo, karo na farko tun da na fara, kuma Bilki za ta rako ta. Bilki tela ce, bakinta ya fi almakashinta kaifi, kuma tunda ƙanwar mata abokiyar wasa ce, ba abin da take raga mini. Na ji muryarta a kunnena tun kafin gobe ta yi: Ido Huɗu ya samu ƙarin girma, ya zama Ido Shida. Mutum mai shekara arba'in da shida, uban 'ya'ya uku, ya tsaya a shago yana jin tsoron bakin ƙanwar matarsa. Haka aka yi.

Ina cire shi idona ya faɗa kan wani a cikin akwatin gilashi. Baƙi ne wuluk, siriri, ya lanƙwasa ya bi fuska, yana wani sheƙi shuɗi-shuɗi in haske ya taɓa shi, irin na sojojin cikin fim. Na ce a miƙo mini shi. Oga Emeka ya miƙo, amma bai saki ba.

"Malam, wannan ba naka ba ne. Kariya kam yana yi, amma na rana ne, masu harbi a fili suke sa shi. Kuma ba zai hau kan na maganinka ba."

Na ce masa ai na maganin na karatu ne kawai, nesa kuwa ba ni da matsala da ita. Ya dube ni, ya dubi kaurin gilashin da ya san ni da shi shekara ashirin, sai ya ce in cire nawa in sa baƙin in karanta masa allon da ke tsallaken titi. Na sa. Duniya ta koma kamar ana gab da kiran magariba, allon kuma ya zama wani farin tabo. Amma allon kemis ne da nake wucewa ta gabansa tun ina saurayi. Na karanto masa shi tas, har da ƙaramin rubutun ƙasa da ke cewa ana awon hawan jini. Oga Emeka ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya sa mini shi a leda.

Kada ku ce ban yi tunani ba. Na yi, kuma tunanin ne ya ƙarasa ni. Kullum Baba Gyang yana faɗa mana cewa mai harbi da bindigar hannu ba takarda yake zuba wa ido ba, ɗan tsinin saiti da ke bakin bindiga yake kallo, takardar kuwa a bar ta ta yi dishi-dishi. Na ce to ai ni Allah ya hutar da ni, takardata da kanta za ta yi dishi-dishi ba sai na wahala ba. Da na isa gida na shiga ɗaki na sa shi a gaban madubi. Daga taku ɗaya ina ganin komai, kuma abin da na gani ya burge ni ƙwarai. Na juya gefe, na sa hannu a aljihu, na miƙa ɗayan da burushin goge baki a matsayin bindiga. A haka Hajara ta shigo ta same ni. Ta tambayi ina na maganin, na ce wannan ɗin dokar gasa ce. Ta ce "To," irin to ɗin nan da mata suke ja wa wutsiya, ta ɗauki abin da ta zo ɗauka ta fita.

Asabar ta waye da ruwa. Irin ruwan Agustan Jos ne, ba ya ƙarfi ba ya ɗaukewa, gajimare ya sauko har kan duwatsu. Muka shiga keke ni da Hajara da Bilki. Da gilashin maganina na yi tafiyar, sai da muka zo bakin ƙofar ɗakin wasanni na ce su yi gaba, na cire shi na cusa a aljihun rigar sanyi, na sa baƙin. Ɗakin dama ba shi da wadatar haske, 'yan fitilu ne a sama da tagogi can kusa da rufi. Ina shiga na ji kamar an rufa mini bargo. Mayafin Bilki ruwan ɗorawa ne, shi na bi har na gano inda benci yake. Ta juyo ta gan ni, ta ce lallai yau akwai kallo, ta ciro waya. Na ɗauka yabo ne.

Baba Gyang yana ta hidima da baƙi, domin an zo daga ƙungiyoyi uku, ga kuma alƙalin gasa da aka turo daga wani gari, wanda bai san kowa a cikinmu ba. Duk da haka ya hango ni. Ya zo ya zare gilashin daga fuskata, ya duba tambarin da ke jikin hannunsa, ya ga na kariya ne na gaske. Ya tambaye ni ko ina gani da shi a wannan duhun, ba kuma na magani. Na ce sarai. Ya mayar mini, ya ce ni babba ne, ba zai yi gardama da ni a gaban mutane ba, ya wuce.

Aka kira sunaye. Ni ne lamba shida, Sista Simi lamba bakwai, tana damana. Muka gaisa, ta ce in yi mata addu'a, na ce ta kwantar da hankalinta (ni ne ma nake ba wani haƙuri). Na ɗaga kai na dubi inda takardun suke. Lambobin da aka rubuta a samansu ban ma san suna nan ba. Abin da nake gani wasu fararen tabo ne a jere, kowanne da ɗan duhu a tsakiya. Ban damu ba, ai malami ne ni, na iya ƙirga. Na fara daga bangon hagu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Na kafa ƙafata, na saita jikina da na shidan.

Abin da ban sani ba shi ne mai lamba ɗaya bai zo ba, ruwa ya tare shi, don haka ba a manna takarda a gurbinsa ba.

Aka ba da izini, zagayen farko harbi goma. Wallahi ban taɓa jin daɗin harbi irin na ranar ba. Ba na ganin jama'a balle su tsorata ni, ba na ganin inda harsashi ya faɗa balle raina ya ɓaci. In ɗaga hannu, in ja numfashi, in sauke shi rabi, in taɓa kunama, tak. Tsakanin harbi da harbi har ɗan juyowa nake yi wajen mayafi ruwan ɗorawa don hoto ya fito da kyau. A harbi na shida ko na bakwai na ji Sista Simi ta ajiye bindigarta ta yi wani dogon numfashi, ta daɗe ba ta ɗauka ba. Na ce a raina Allah sarki, idon jama'a ya kama ta.

Aka busa usur, kowa ya ajiye bindiga, aka ce mu matsa kusa da takardunmu amma kada a taɓa. Na miƙe tsaye na nufi tabon da na yi ta harbi. Sai da na zo taku biyu da shi ya fara fitowa, na sunkuya na kai hancina kusa. Tsakiyar baƙin nan a cinye take. Huji a kan huji, sun taru wuri ɗaya, murfin kwalba zai rufe su. Akwai wasu 'yan tsiraru da suka watsu can gefe, amma wa yake kallon gefe? Ban ƙirga ba. Ni da na ƙirga takardu tun daga bango, huji ne ban ƙirga ba.

Na ɗaga hannu biyu sama na ce Alhamdulillahi da ƙarfi. Na juya wajen 'yan kallo, na tsaya a gefen takardar, na nuna tsakiyarta da yatsa, na ɗan karkata kai. Sannan na faɗi maganar da har yau in na tuna ta nake jin kamar in shige ƙarƙashin gado.

"Bilki, ɗauka da kyau. Jinin maharba ba ya ɓuya."

Ɗakin ya yi tsit. Na ɗauka mamaki ne. Sai na ji an dafa kafaɗata, muryar Baba Gyang a hankali kusa da kunnena.

"Malam, wannan ta Simi ce. Taka ga ta can."

Ya juya ni hagu, ya matsar da ni taku ɗaya. Takarda ce sabuwa fil, ko ƙuda bai sauka a kanta ba.

Wani ya fara dariya daga baya, wasu suka kama, amma ba ta yi nisa ba, domin alƙalin gasa ya iso kuma shi ba dariya yake yi ba. Ya ƙirga hujin takardar Sista Simi, goma sha bakwai. (Sauran ukun nawa an same su daga baya a jikin katako.) Ya tambayi ƙungiyar da nake, ya tambayi tata, ya ji ɗaya ce, koci ɗaya. Ya ce shi ya daɗe a wannan harka, ya ga yadda ake sa wanda ba shi da abin rasawa ya ƙara wa gwani harbi, in an zo cirewa a cire marasa kyau a bar masu kyau. Ya ce ba yadda za a yi mutum mai ido ya yi harbi goma a takardar wani bai sani ba, har ya zo ya tsaya a gabanta. Don haka zai cire mu duka biyu daga gasar.

Baba Gyang ya fara magana, alƙalin ya ɗaga masa hannu. Na juya wajen Sista Simi. Ina jin tsayuwarta a gefena amma ba na ganin fuskarta, sai na sa hannu a aljihun rigar sanyi na ciro gilashin maganina, na cire baƙin, na sa nawa. Fuskarta ce farkon abin da na gani sosai tun da na shigo ɗakin. Ta cije leɓe, idonta ya cika, tana kallon takardar nan da ta yi shekara huɗu tana jira. A nan kunyar kaina ta bar ni, wata ta daban ta kama ni, wadda ta fi ta nauyi.

Na ce wa alƙalin, ranka ya daɗe, ka ce mutum mai ido, to ni ba shi ba ne. Na faɗa masa komai a gaban kowa: yadda aka ce in sayi babba mai hawa kan na magani, yadda na gan shi a madubi na ƙi shi, yadda na yi wa mai shago ƙarya, na yi wa matata, na yi wa kocina, yadda na ƙirgo takardu daga bango. Na miƙa masa gilashin maganin ya duba kaurinsa. Ya sa shi a idonsa, ya yi saurin cirewa. Amma bai gamsu ba. Ya ce in mayar da baƙin in koma layin harbi, shi kuma ya tsaya a jikin takardu.

"Malam, yatsu nawa na ɗaga?"

Na ƙura ido iya ƙarfina. Na ga wani abu dogo mai duhu, da wani abu kamar ya fito daga gefensa. Na ce uku.

Dariyar da ta tashi sai da ta rufe ƙarar ruwa a kan kwano. Ashe mutumin hannunsa biyu a baya suke, bai ɗaga komai ba. Abin da na ƙirga wa yatsu fayil ne da ya maƙale a hammata. Shi kansa sai da ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Na sha ba ɗalibai sifili a rayuwata, amma ban taɓa sanin mutum zai faɗi jarrabawa ya ji sanyi a ransa ba sai ranar.

Aka cire huji bakwai mafi ƙarancin maki daga takardar Sista Simi, aka bar mata goma. Ba a sha wahalar tantancewa ba, nata suna tsakiya a dunƙule, nawa suna yawo a gefe kamar awakin da suka ɓata. Ni kuma aka rubuta mini sifili, aka ce tunda ba ni da gilashin da ya dace, in koma cikin 'yan kallo. Na zo na zauna tsakanin Hajara da Bilki. Bilki tana ta share hawayen dariya da bakin mayafi, ta kasa ko magana, wanda a tarihinta wannan ne karo na farko. Daga nan na kalli sauran zagayen da idona huɗu, ina addu'ar da ban taɓa yi wa kaina irinta ba. Makin Sista Simi ya ɗan sauka a zagaye na biyu, sannan ya dawo. Ta zo ta biyu. An ɗauke ta.

Da aka tashi na je ba ta haƙuri. Ta ce tun a harbi na huɗu ta fara ganin huji yana fitowa a gefen takardarta, ta ɗauka hannunta ne ya ci amanarta, har ta fara tunanin ajiye bindigar gaba ɗaya ta haƙura da wasan. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ta ga yadda na yi, sai ta ce in daina damuwa, ai ɗaya daga cikin bakwai ɗin nawa ya shiga da'irar takwas, kuma ga wanda ba ya gani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta kuma ce in zo asibitinsu a sake auna mini ido, don a ganinta na maganin ma ya kusa yi mini kaɗan. Baba Gyang kuwa cewa ya yi laifinsa ne, ya kamata a ce ya yi gardamar nan da ya ce ba zai yi ba.

Muka koma Dilimi a keke. Sai da Hajara ta zuba mini abinci ta zauna, sannan ta dube ni.

"Malam, ni fa da gilashin nan na fara ganinka, kuma da shi na ce na yarda. Wa kake so ka burge da ba shi?"

Na ci tuwona.

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta na koma wurin Oga Emeka. Tun kafin in yi sallama ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko babban, fari garau, ya ajiye a gabana. Bidiyon ya riga ni zuwa, 'yarsa ce ta nuna masa. Bai yi mini dariya ba, abin da ya ce kawai shi ne an sauya allon kemis ɗin nan tun watan jiya, yanzu shagon gyaran waya ne. Na ɗora gilashin a kan nawa na leƙa tsallaken titi. Gaskiyarsa.

Har yau ina harbi, da gilashi biyu a fuska, ɗaya a kan ɗaya. Nakan zo na tara ko na goma cikin mutum goma sha biyu, amma duk hujin da aka ƙirga mini nawa ne. Sista Simi ta je wakiltar jiha ta dawo da lambar tagulla, ta kawo mana ita ɗakin atisaye kowa ya taɓa, da ta zo kaina ta ce in riƙe da kyau tunda da ni aka yi wahalar. Baƙin gilashin kuma Bilki ta karɓe, tana sa shi in za ta biki.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ina aiki da shi. Idan za ka sayi abin da zai tsare maka ido, ka zaɓi wanda kake gani da shi, ka bar wanda ake ganinka da shi. Idan kuma ka iso gaban wani abin alheri ka ji hannunka yana shirin tashi sama, ka ɗan dakata, ka matsa kusa, ka karanta lambar da ke samansa tukuna.